Daga Liyon zuwa Damagaram: yadda ake jinyar huhu da ɗaukewar numfashi cikin barci

Zuwa ga Kawu da sauran 'yan'uwa na Birni da Zango, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Kun nemi in aiko da na'urar da ake sa wa masu minshari, kun kuma tambayi ko Faransa tana da maganin tarin nan da ya ƙi barin ƙirjin iyayenmu mata. Da yake aikina a Liyon shi ne kai irin waɗannan na'urori gidajen marasa lafiya, ya dace in faɗa muku abin da idona ya gani.

A nan ba a ba mutum na'ura don kawai yana minshari. Sai ya kwana da ɗamara a ƙirji, da siririn bututu a hanci, da abin awon iskar oksijin ta jini maƙale a yatsa, a ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. Idan ya kai 30, ciwon ya yi tsanani. Na'urar, wadda likita Colin Sullivan ya fito da ita a Ostareliya a 1981, iska take turawa ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe, kuma kowa da ƙarfin iskar da ya dace da shi. Haya ake bayar da ita, inshorar lafiya ta ɗauki mafi yawan kuɗin, ita kuma na'urar tana aika wa likita adadin awannin da aka yi da ita. Na ga direban da gyangyaɗi ya kusa raba shi da aikinsa ya dawo garau. Amma wani bincike na 2016 a kan mutum fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko jijiyoyin jini ya nuna cewa ta rage barcin rana, ba ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, ko da yake awa uku da 'yan mintoci kawai suke sa ta a dare.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon toshewar hanyoyin huhu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. A nan taba sigari ce ke jawo shi galibi. A gida kuwa hayaƙin icce da kara ne a madafar da ba ta da taga, ga ƙurar hunturu a kai. Da ɗan abin awo da zai shiga jakar hannu ake gano ciwon: mutum ya cika ƙirji, ya busa da iyakar ƙarfinsa. A wurinmu sai tsohuwa ta shekara tana shan ƙwayoyin masu talla da sunan asma.

Iskar oksijin ma ba ta kowa ba ce. Binciken da aka yi a Amurka a 1980 da Birtaniya a 1981 ya tabbatar cewa tana ƙara tsawon kwana ga waɗanda iskar jininsu ta yi ƙasa sosai, muddin sun sha ta awa 15 ko fiye a yini, injin da ke tace ta kuwa yana son wutar da ba ta ɗaukewa, abin da ke da wuya a Damagaram da bazara. Abin da na fi sha'awa a nan, kuma za mu iya, shi ne atisaye: ana tara marasa lafiya makonni da dama suna tafiya da tuƙa keke ƙarƙashin kulawa, har haki ya ragu.

Saboda haka abin awon yatsa zan aiko tukuna. Kawu, don Allah ka je babban asibitin ƙasa a duba hawan jininka, ka riƙa kwanciya ta gefe ba rigingine ba. Inna kuma a fitar mata da murhu tsakar gida, a kai kakinta a gwada ko tarin tibi ne, sannan ku aiko mini da sakamakon.