Shagon Koyon Zane a Bayan Kasuwar Wunti: Abin da Ɗalibi Ke Samu da Abin da Ba Ya Samu

A wani lungu da ke bayan Kasuwar Wunti a cikin garin Bauchi akwai shago mai ɗaki biyu da rumfar kwano, inda wani dattijon mai zane yake koyar da matasa sana'arsa a safiyar Asabar da Lahadi, da kuma bayan sallar la'asar a wasu ranakun mako. Shagon ba shi da allon suna, duk da cewa mai shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen rubuta wa 'yan kasuwa allunan shagunansu, don haka da sunansa ake kwatancen wurin, kuma masu sayar da fenti a wannan ɓangaren kasuwa suna iya nuna wa baƙo hanya. Ɗan yayata na kai can bayan ya gama sakandare, na kuma riƙa zama a wasu darussan har na ga abin da ya ishe ni in faɗi ra'ayina. A ganina wurin ya cancanci kuɗin da ake biya ga wanda tsoro ya hana shi fara zane, amma yana da rauni babba ga wanda yake son sanin yadda zanen zai ciyar da shi.

Kuɗin koyo wata-wata ake biya, kuma bai kai abin da iyaye ke biya a darasin yamma na boko ba. A makonnin farko ɗalibi ba ya taɓa fenti ko buroshi. Gawayi ake ba shi, da tsofaffin jaridu da bayan kalandar bara, a ce ya cika su da layuka miƙaƙƙu da da'ira da inuwa mai tashi daga baƙi wuluk zuwa fari. Bayan haka sai a ajiye buta ko tukunya ko takalmin wani a tsakiyar rumfa, kowa ya zana abin da yake gani daga inda yake zaune. Sai hannu ya ɗan faɗa sannan a koma fensir, a koya wa ɗalibi bambancin HB mai tauri da 2B da 6B masu laushi, waɗanda ake fitar da duhun inuwa da su. Abin da ya fi ba sababbin ɗalibai mamaki shi ne Malam ya hana amfani da kilina a wannan mataki gaba ɗaya. Idan layi ya karkace, sai a ja wani a gefensa, a bar na farkon yana nan.

Da farko na ɗauki wannan tsari a matsayin tsimin kayan aiki, kuma lalle akwai tsimi a ciki, domin takardar zane mai kauri ta yi tsada. Amma amfaninsa ya wuce nan. Yaron da aka miƙa wa farar takarda sabuwa yakan riƙe fensir ya yi shiru, yana lissafin kuɗinta da kunyar ɓata ta, idan kuma ya ja layi ɗaya sai ya goge, ya sake gogewa har takardar ta huje. Wanda aka ba tsohuwar jarida ba ya jin zai yi asarar komai, saboda haka yana sakin hannu, ya yi zane goma a lokacin da ɗan'uwansa yake fama da guda. Na ga ɗalibai da suka zo suna ɓoye takardarsu da gwiwar hannu, bayan wata guda suna zane a tsaye mutane na wucewa suna leƙawa.

Ranar Lahadi ake baje aikin mako a jikin bango, kuma wannan zama shi ne mafi daraja a duk abin da shagon yake bayarwa. Dokar ita ce kowane ɗalibi zai faɗi abu ɗaya da ya yi daidai a zanen ɗan'uwansa da abu ɗaya da ya kauce, mai zanen kuma ba a yarda ya ba da uzuri ko ya ce ai bai gama ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma wanda ya yini a kan zanen buta ba zai ga cewa bakinta ya fi cikinta girma ba sai wani ya nuna masa. Abin da ke rage zafin wannan zama shi ne Malam yakan buɗe wata tsohuwar adaka ya fito da zanukansa na shekarun koyo, da motocin da tayoyinsu ba su daidaita ba da haruffan da suka ƙare kafin allo ya ƙare, ya manna su a bango tare da na yara, ya ce a yi musu irin hukuncin da ake yi wa kowa. Yaran sukan yi dariya, amma daga ranar suna kallon nasu kurakuran da sauƙin zuciya.

Akwai wani kokwanto da ba a cika jin labarinsa a wasu wurare ba, amma a Bauchi kusan kowane ɗalibi yana zuwa da shi, wato hukuncin zana abu mai rai. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin sura sanannu ne, malamai kuma sun yi bayani a kansu, wasu sun tsananta, wasu sun rarrabe tsakanin gunki da abin da aka zana a takarda don karatu ko wata buƙata. Na yaba da yadda mai shagon yake tafiyar da wannan batu. Ba ya ba da fatawa, yakan ce wa mai tambaya, “Ɗana, wannan ka kai wa malaminka na Islamiyya, ni abin da na sani shi ne hannu da ido.” Sannan ya tsara karatun ta yadda mutum zai iya kammalawa ba tare da ya zana fuskar kowa ba, domin akwai rubutun Larabci da na boko, da zayyana irin ta allon sauka, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da gine-gine, da duwatsun da suka kewaye garin, da itatuwa. Wanda ya zaɓi zanen mutane ana koya masa a ɗakin ciki, wanda ya ƙi kuma ba a yi masa kallon wanda karatunsa ya rage.

Haka nan yakan cire wa yara tunanin cewa zane baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Yana yawan ambaton zanen da ke jikin duwatsu a Geji da Shira, duka a cikin jihar nan, da adon da magina ke yi a fuskar zaure, da sassaƙar ƙwarya, da lallen da mata ke zanawa a hannu ba tare da sun taɓa shiga aji ba. Wata ɗaliba da ta iya lalle tun tana ƙarama ta zo tana cewa ita ba ta iya zane ba, sai ya ba ta alƙalami da tawada ya ce ta yi masa a takarda abin da take yi wa amare, kuma a cikin ajin babu wanda ya kai ta tsabtar layi.

Inda shagon ya gaza shi ne a tambayar da iyaye ke yi, wadda ita ce mafi nauyi. Na ji wani uba ya ce, “Malam, wannan sana'a tana riƙe gida kuwa?” Amsar da aka ba shi ita ce takardar naira 20, wadda Malam yake ajiye da ita don irin wannan rana, aka juya bayanta aka nuna masa Ladi Kwali tana gina tukunya. Labarin gaskiya ne kuma mai ƙarfafa zuciya: mace ce da ta koyi ginin tukwane a gida, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yakan kuma kawo Aina Onabolu, wanda aka haifa a 1882, ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da mujallu, bai samu zuwa karatu a Landan ba sai a 1920 yana da shekara 38. Waɗannan labarai suna amfanar ɗalibin da yake ganin ya makara ko bai yi boko mai zurfi ba. Sai dai uban ba wannan ya tambaya ba, kuma na lura ya tafi ba tare da ya gamsu ba, yana da gaskiya kuwa.

Dalili shi ne kasuwar da Malam ya ci abinci a cikinta ta riga ta canza. Allunan shago da ake rubutawa da hannu, injin buga allunan talla ya karɓe yawancinsu, fostocin siyasa da katin biki a kwamfuta ake tsara su, yanzu kuma ga manhajojin da ke ƙirƙiro hoto a waya cikin daƙiƙu, abin da yake ƙara wa yaran fargabar cewa suna koyon abin da ba za a nema ba. Shagon ba shi da kwamfuta ko ɗaya. Ba a koya wa ɗalibi yadda zai yi wa aikinsa kuɗi, ko yadda zai karɓi kafin alƙalami kafin ya sayi kayan aiki, ko yadda zai ɗauki hoton zanensa a haske mai kyau ya sa a Facebook ko Instagram, inda masu son zanen fuska da rubutun ado na falo suke neman masu yi. Idan aka tayar da maganar, Malam yakan ce wanda hannunsa ya nuna aiki zai same shi. Wannan magana ta yi aiki a zamanin da mai shago ba shi da zaɓi sai ya nemi mai buroshi, amma yau yaron da ya iya zane bai san kasuwa ba zai iya zama shekaru yana yi wa 'yan'uwa aiki kyauta, har ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, alhali ciniki ne bai iya ba.

Haka kuma ba a nuna wa ɗalibai hanyar ci gaba da karatu, kuma wannan ya fi ba ni haushi domin hanyar ba ta da nisa. A nan cikin gari Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake karanta zanen talla da adon yadi da ginin tangaran. A Zariya akwai sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda tarihinsa ya koma ga kwalejin da ta gabaci jami'ar, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan cewa mai zanen Nijeriya ya gina aikinsa a kan al'adun ƙasarsa. Yaron da ya san cewa akwai digiri a wannan fanni, kuma akwai waɗanda suka bi ta nan suka zama malaman jami'a, zai fi iya tsayawa gaban mahaifinsa ya yi bayani. Takarda ɗaya da aka manna a bango mai ɗauke da sunayen waɗannan sassa da darussan da ake buƙata a jarrabawar shiga za ta wadatar, amma babu ita.

Sauran matsalolin ƙanana ne. Rumfar a buɗe take, don haka da hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, fentin akirilik kuma yana bushewa a bakin buroshi kafin a kai shi jikin yadi. Darasin yamma bai dace da 'yan mata ba, domin dole su tashi da wuri su isa gida kafin magariba, kuma ba a rage musu kuɗi. Idan aikin kuɗi ya shigo, musamman a lokacin zaɓe, darasi yakan koma shafa farin fenti a jikin katako. Fensiran da ake sayarwa a shagon masu kyau ne, amma gara a duba kwalbar fenti kafin a biya, saboda wasu sun daɗe a kanta. Abin da na fi ƙi shi ne ɗabi'ar Malam ta karɓe buroshi ya gyara zanen ɗalibi da hannunsa idan haƙurinsa ya ƙare. Zanen yakan yi kyau nan take, amma yaron yakan koma gida da aikin da ya san ba nasa ba ne, kuma hakan yana rushe abin da zaman Lahadi ya gina.

Game da juriya kuwa, akwai abu guda da shagon ya fahimta da kyau. Yawancin masu barin koyo ba a makon farko suke bari ba, sai a wata na biyu ko na uku, lokacin da idonsu ya buɗe suka fara ganin kurakuran da hannunsu bai kai ga gyarawa ba, sai su ɗauka baya suke ci. Malam yana faɗa wa kowa tun ranar farko cewa wannan lokaci zai zo, yana kuma tilasta a rubuta kwanan wata a bayan kowane zane, a ajiye shi ko da ya yi muni. Ɗan yayata ya kai wannan gaɓa ya ce ya haƙura, aka sa shi ya jera zanen butarsa na farko kusa da na makon, ya duba da kansa, washegari ya koma. Har yanzu bai daina shakkar kansa ba, kuma ban ga alamar wani a shagon ya daina ba, har da wanda ya fi kowa daɗewa.

Wanda zai kai ɗansa ko ƙanwarsa ya fara zuwa zaman Lahadi ya kalla, domin ba a hana baƙo zama. Ya tambaya tun farko ko za a rama darasin da aikin kasuwa ya cinye, ya nemi na safe idan mace ce, kuma kada ya sayi fenti ko yadin zane a watan farko, tunda gawayi da fensir uku da tsofaffin jaridu ne kawai za a nema. Koyon tsara zane a kwamfuta da sanin farashi kuwa, sai ya nema wa yaron a ɗaya daga cikin shagunan buga takardu da ke cikin gari, a ranakun da babu darasi.