LeadCare II: na'urar auna gubar dalma a jinin yara, abin da take iyawa da inda take gazawa

LeadCare II 'yar ƙaramar na'ura ce da ake ɗorawa a kan tebur. Tana auna yawan dalmar da ke jinin yaro daga ɗigon da aka samu a yatsa, ta fitar da sakamako cikin minti 3. Kamfanin Magellan Diagnostics na Amurka ne ke ƙera ta, kuma tun 2006 hukumomin can suka yarda a yi aiki da ita a ƙananan asibitoci, ba lallai sai babban ɗakin gwaje-gwaje ba. Tana aiki da wutar lantarki ko da batir AA guda 4. Ga asibitin ƙauye da ke kusa da wurin haƙar zinare, da wuya a samu abin da ya fi ta sauƙin ɗauka da saurin amsa. Sai dai lambar da take nunawa tana da sharuɗɗa, kuma a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu sharuɗɗan nan ne ke yawan karyewa.

Dalilin da ya sa ake buƙatarta shi ne gubar dalma ba ta cika nuna kanta da wuri ba. A jiki dalma tana shiga gurbin sinadarin kalsiyam, ta ƙetara cikin ƙwaƙwalwa, ta dagula hanyoyin da jijiyoyi ke isar wa juna saƙo, musamman waɗanda koyo da riƙe abu a ka suka dogara da su. Yaro ƙarami yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya, kuma idan yana fama da ƙarancin jini ko yunwa, abin ya fi haka. Wani nazari na 2005 da ya haɗa yara 1,333 ya nuna cewa tashin dalma daga mikrogiram 2.4 zuwa 10 a kowace desilitar jini yana tafiya da raguwar maki kusan 4 a ma'aunin kaifin basira. Yaron da ke wannan mataki yana wasa, yana cin abinci, ba wanda zai ce ba shi da lafiya. Sai adadin ya kai wajen 70 zuwa 100 ake ganin amai, farfaɗiya da suma, lokacin ƙwaƙwalwa ta riga ta kumbura.

A Zamfara an ga mafi munin wannan a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare mai cike da dalma a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Da wannan na'ura ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka riƙa tantance yaran da za a fara ba magani, don haka ba baƙuwa ba ce a Arewa.

Kwalin kayan gwaji ɗaya yana ɗauke da gwaji 48. A ciki akwai 'yan siraran faranti masu karanta dalma, da kwalaben ruwan haɗi mai ɗan asid, da siraran bututun zuƙar jini masu cin mikrolita 50, da abin tura jinin, da abin ɗigawa, da ruwan tantance na'ura iri 2, sai wani ɗan maɓalli na daidaita ta. Maɓallin nan kowane rukunin kaya da nasa. Duk lokacin da aka buɗe sabon kwali sai an taɓa shi a jikin na'urar, a tabbatar lambar da ta fito a allo ta yi daidai da ta jikin robar faranti. Wanda ya haɗa farantin sabon kwali da daidaiton tsohon kwali zai samu lamba, amma ba ta yaron ba ce.

Aikin kansa ba wuya. Ana wanke hannun yaro da sabulu da ruwa sosai, a bar shi ya bushe ba tare da ya taɓa komai ba. A huda gefen yatsa, a goge ɗigon farko, a kwantar da bututun ya zuƙi jini har ya kai layin da aka yi masa. A goge bayan bututun, a tura jinin duka cikin kwalbar ruwan haɗi, a rufe, a jujjuya ta sama da ƙasa sau 8 zuwa 10 har haɗin ya koma ruwan ƙasa. Asid ɗin ne ke fasa jajayen ƙwayoyin jini ya saki dalmar, domin kusan dukkanta a cikinsu take. Sai a zura faranti a na'ura, a ɗiga haɗin a kan alamar X, a jira daƙiƙa 180. A cikin wannan lokaci na'urar tana jawo dalmar da lantarki ta manne a kan zinaren da ke jikin faranti, sannan ta sake ɓamɓare ta, ta ƙiyasta yawanta daga ƙarfin lantarkin da ya fita.

Mafi yawan kurakurai tun kafin jini ya kai ga na'ura ake yin su. Auduga mai sifirit tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire dalma daga fata. A garin da ƙurar niƙa ta bi ko'ina, ɗan abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce ya isa ya ɗaga sakamakon yaro mai lafiya ya zama abin tsoro. Shi ya sa wankin sabulu ba abin da za a tsallake ba ne saboda layi ya yi tsawo, kuma bai kamata uwa ta goge masa hannu da gefen zaninta bayan an wanke ba. Kuskure na ɗaya ɓangaren ya fi haɗari: bututun da bai cika ba, ko wanda kumfar iska ta shiga, yana rage jinin da aka auna, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, a sallami yaron da ya kamata a riƙe. Matse yatsa da ƙarfi ma haka yake yi, domin ruwan jiki yana tsinka jinin.

Sai zafi, wanda a ganina shi ne babban aibinta a nan. An ƙera ta ta yi aiki tsakanin digiri 12 da 36 na ma'aunin Celsius, kayan gwajin kuma a ajiye su tsakanin digiri 15 da 27. Duk wanda ya san Gusau ko Sakkwato a watan Afrilu ya san ɗaki mai rufin kwano yana wuce wannan tun kafin azahar. Idan zafi ya wuce iyaka, na'urar takan ƙi aiki, wanda hakan ma da sauƙi. Kayan da suka kwana biyu a bayan mota ko a sito mai zafi ba sa faɗa wa kowa sun lalace. Mafita ita ce a yi gwaji da sassafe, a ajiye kwalaye a ɗaki mai sanyi, kada a sa na'urar a rana ko a bakin fanka, a riƙa rufe robar faranti da zarar an zaro ɗaya, sannan a gwada ruwan tantancewa duk lokacin da sabon kaya ya iso ko sabon ma'aikaci ya karɓi aiki, da kuma kowane wata. Akwai sassauci guda: jinin da aka riga aka haɗa da ruwansa yana jure awa 48 a ɗaki, ko kwana 7 a firji, don haka ana iya ɗiba a ƙauye a auna a gari.

Iyakar abin da take karantawa daga mikrogiram 3.3 ne zuwa 65 a kowace desilitar jini. Ƙasa da haka sai ta rubuta "Low", sama da haka "High". Duka bakin biyu suna da matsala. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta sauko da matakin da ake fara bibiyar yaro daga 5 zuwa 3.5, wato dab da inda na'urar ta daina gani. "Low" ba ya nufin babu dalma, kuma ba a san wani adadi da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba. A sama kuwa, yaro mai 70 da mai 300 duk "High" za ta ce, alhali kulawarsu ba ɗaya ba ce. A Zamfara sai da aka koma tsinka jinin da wani jini mara dalma sosai, a auna, a ninka lissafi. Dabara ce ta ƙwararru a lokacin annoba, ba ta cikin umarnin kamfani.

Tarihinta ma ba fari tas ba ne, kuma mai saye ya kamata ya sani. A watan Mayun 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi asibitoci su daina auna jinin da aka ɗiba daga jijiya da na'urorin LeadCare, saboda suna ba da sakamako ƙasa da gaskiya. An danganta abin da wani sinadari da ke murfin robar wasu kwalaben ɗibar jini. A 2021 aka janye rukunonin kayan gwaji masu yawa kan irin wannan matsala, har aka dakatar da rarraba su na watanni. A 2024 kamfanin ya amsa laifin ɓoye matsalar jinin jijiya, ya amince da biyan dala miliyan 42. A aikace, jinin yatsa kawai ake sa mata, kuma a duba lambar rukuni da ranar lalacewa kafin a biya kuɗi, musamman idan ta hannun dillali kayan suka biyo.

Ta tantancewa ce, ba ta yanke hukunci ba. Duk sakamakon da ya yi sama ana tabbatar da shi da jinin jijiya a babban ɗakin gwaji, sai fa idan yaro yana farfaɗiya ko ya suma, nan ba a jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 a nemo inda dalmar ke fitowa a raba yaro da shi, daga 45 kuma a ba da maganin da ke janye ta daga jini, kamar succimer, a ƙarƙashin likita. Gwajin da aka yi a Amurka kan yara 780 da dalmar jininsu ke tsakanin 20 zuwa 44 ya nuna maganin yana sauke lambar amma bai dawo da basirar da aka rasa ba. Don haka asibitin da ya sayi na'urar ba tare da mai zuwa gida ya duba ba, rabin aiki ya saya. Abin dubawa ya haɗa da turmin dakan dutse, kayan aikin maigida da yake shigowa da su, tsohon batirin mota da ake fasawa, fenti mai ɓarewa, da tozalin da ake sa wa jarirai. A Boston an taɓa auna irin wannan kwalli da aka kai daga Najeriya, aka tarar kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce.

Zaiba kuma, wadda masu zinare ke ƙonawa don ware shi, hayaƙinta na taɓa ƙwaƙwalwar yaro da ɗan tayi, amma LeadCare II ba ta ganin ta ko kaɗan. Yaron da ke kwana kusa da inda ake ƙona ta yana buƙatar gwajin fitsari a ɗakin gwaji ko da na'urar ta rubuta masa "Low".