Makullin tsaron da na haɗa da Raspberry Pi Pico: inda ya yi da inda ya gaza

Duk wanda aka taɓa yi wa layinsa walkam-bak ba da saninsa ba, ko ya ga an yi wa wani nasa, ya san raunin lambar da ake turowa ta saƙon tes. Wanda layin ya koma hannunsa, shi lambar za ta je wa. Shi ya sa na daɗe ina sha'awar makulli irin YubiKey, wanda ake sokawa a kwamfuta a taɓa shi kafin akawun ya buɗe. Kuɗinsa da na aikowa daga waje, ga tsadar dala, su suka riƙa dakatar da ni. Ƙarshe dai na haɗa nawa da Raspberry Pi Pico da manhajar Pico FIDO, wadda Pol Henarejos ya rubuta ya bar ta a buɗe kowa ya duba.

Pico ɗan allon lantarki ne da bai wuce tsawon yatsa ba, ya fito a 2021 a kan dala 4. Aikin babu narka dalma, babu haɗa wayoyi. Za ka danne farin maɓallin da aka rubuta wa BOOTSEL, ka soka kebul, sai kwamfuta ta nuna shi kamar filas mai suna RPI-RP2. Ka jefa fayil ɗin manhajar Pico FIDO, mai nau'in UF2, a ciki, ya mutu ya taso a matsayin makulli. Ka dai tabbata kebul ɗin mai ɗaukar bayanai ne, don da yawa wuta kawai suke kaiwa.

Na yi masa rajista a Google da GitHub da Facebook, duk suka karɓa. Burawza ta nemi lambar sirrin makullin, 'yar fitilarsa ta hau ƙiftawa, in danna maɓallin nan, shi ke nan na shiga.

Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne yadda yake kare mutum daga shafin bogi. Kowane shafi makullin na ƙirƙira masa nasa lambobin guda biyu: ɗaya a miƙa wa shafin, ɗayar ta zauna a cikinsa ba ta fita. Duk sa hannun da zai yi kuma a ɗaure yake da ainihin adireshin shafin. Ko da ɗan damfara ya zana shafi sak na Facebook, ya ruɗe ka har ka rubuta kalmar sirrinka, makullin bai san wannan adireshin ba, ba zai ba shi komai ba. Lambar tes kuwa da hannunka za ka kwafa masa. A 2018 Google ya ce tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 irin wannan makulli a farkon 2017, ba a ƙara ƙwace akawun ɗin aikin kowa ta wannan hanya ba. Wannan kariya a tsarin FIDO2 take, wato ƙa'idar da irin waɗannan makullan ke bi, don haka makullin da aka haɗa a gida da na kanti duk suna da ita.

Inda suka rabu shi ne ranar da makullin ya faɗa hannun wani. RP2040, ƙwaƙwalwar Pico na farko, ba ta da ma'ajiyar sirri ta musamman irin ta YubiKey. Bayanan suna kan wani ɗan guntu daban a jikin allon, kuma wanda ya san kan aikin zai iya kwafe su. Gaskiya ne makullin na kulle kansa idan aka kuskure lambar sirri sau 8, amma wanda ya kwafe ma'ajiyar ba ruwansa da wannan ƙirge, a kwamfutarsa zai zauna ya yi ta gwadawa. Lambar sirri mai tsawo ta zama dole ke nan. Wanda zai fara yanzu ya nemi Pico 2 mai ƙwaƙwalwar RP2350, da ya fito a Agustan 2024 a kan dala 5, don yana da hanyar hana a loda masa baƙuwar manhaja. Ɗan jarida ko mai riƙe da asirin ma'aikata, wanda ake iya bibiyarsa shi kansa, ya daure ya sayi na kamfani.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ba shi da NFC, wato hanyar kara shi a jikin waya ta karanta shi, a waya sai da mahaɗin OTG, wanda ke ba da damar soka na'urar USB a waya. Tsirara yake zuwa, ni robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi na sa masa, na bar gurbin maɓalli, don kada makullan gida su kankare shi a aljihu. Manhajojin bankin da nake amfani da su kuwa har yanzu tes suka sani, nan bai taimake ni ba.

Tunda arha gare shi, na haɗa na biyu na yi masa rajista a duk inda na farkon yake, na ajiye shi a gida tare da lambobin ko-ta-kwana da na buga a takarda. Ranar da na aljihuna ya ɓata, da na gidan zan shiga in soke rajistarsa nan take.