Baƙo ya fita ya bar esi a kunne: wace na'ura ya kamata mai gidan shotlet ya saya?

Duk wanda yake ba da hayar gida na kwana-kwana a Kano ko Abuja ya san wannan ciwon. Baƙi su zo biki, su danna rimot zuwa 16, ƙarfe 10 na safe su kulle ƙofa su tafi wajen kamu, sai bayan isha'i za su dawo, esi uku na ta aiki ba kowa a gidan, wani lokacin ma taga a buɗe. Da can ana haƙuri, amma tun Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin wuta na Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka dawo da shi 209.5, lissafin ya canza. Esi mai 1.5HP yana cin wajen yunit 1.2 a awa in kwamfuresa ba ta hutawa, kuma a zafin Afrilu in an sa 16 ba za ta huta ba. Awa 10 kenan yunit 12, a wannan farashin kusan naira 2,500 a ɗaki guda a wuni guda. In a kan janareta ne kuwa sai dai a ce innalillahi.

Na gwada abubuwa da dama, bari in faɗa muku yadda na gan su.

Takardar da ake mannawa a bango "don Allah a kashe esi" ba ta yin komai, ku manta da ita. Taima mai kashewa da kanta kuma ƙarfe 2 na dare za ta katse wa baƙo barci, washegari ka sha faɗa. Akwai masu sa wa baƙo mita daban ya riƙa sayen yunit da kansa, eh yana rage ɓarna, amma mutumin da ya biya kuɗi mai yawa ka ce kuma ya sayi wuta, gaskiya ba zai dawo ba.

Sai ƙananan na'urorin nan irin su Sensibo da Broadlink masu aiki kamar rimot, kana kashe esi daga wayarka ko ina kake. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa abu ne mai kyau. A nan fa? An ɗauke wuta, rauta ta mutu, kafin intanet ya dawo kai kana kallon waya ba ka ganin komai, kuma baƙo in ya ga abin yana damunsa zare shi kawai zai yi daga soket ya cusa cajarsa.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne makunnin kati irin na otal. Baƙo ya shigo ya zura kati, wuta ta kawo, zai fita dole ya zare tunda da shi zai buɗe ƙofa in ya dawo, bayan 'yan daƙiƙu esi ya mutu. Ba data, ba manhaja, ba sai ka zauna kana gadin waya ba, kuma ba wanda zai ce ka takura masa domin ya saba gani a otal. Amma fa iri biyu ne. Mai arhan duk abin da ka zura masa karɓa yake, katin ATM, katin zaɓe, na taɓa tarar da kwalin Panadol an ninke an cusa, esi na ta huci tun safe. Wanda za ka saya shi ne mai RFID, wanda sai kati mai cif yake ganewa, kuma ka saye shi tare da makullin ƙofar a wuri ɗaya don katin ya dace da duka biyun. Kati ɗaya za ka ba kowane ɗaki, in ka ba da biyu ɗaya zai kwana a ciki. Ka gaya wa mai gyaran wuta ya cire layin firji daga ciki, kar naman mutane ya lalace.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don nan aka cuce ni. Wani mai shago ya sayar min da makunni an rubuta 40A a jikinsa, wato ƙarfin wutar da wai zai iya ɗauka, ya rantse zai ɗauki esi kai tsaye. Bayan sati uku wata baƙuwa ta kira ni da daddare wai tana jin ƙauri, na je na tarar robar ta narke ta yi baƙi, bangon da zafi kamar an ɗora tukunya. Da aka buɗe, abin da ke ciki ɗan mitsitsi ne, ko dutsen guga ba zai riƙe ba balle kwamfuresa. Allah ne ya kiyaye, da yara biyu a ɗakin. Don haka ko me aka rubuta a jiki kar ka yarda wutar esi ta bi ta cikin makunnin, a sa kwantakta, wato na'urar da ke haɗawa da yanke wuta mai nauyi, a tsakani, kati ya ba da umarni kawai, kwantakta ta ɗauki nauyin. Ita ma ana yin jabunta, ka ɗaga ka ji nauyi, ta gaske tana da nauyi a hannu, wurin ɗaure wayarta da kauri. Wayar wuta kuma ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shagon, in fari ya fito a ƙarƙashin jan to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye masa kayansa. Ka karɓi rasit da sunan shago, don ranar da abu ya ƙone cewa za su yi ba a wajensu ka saya ba.

Abu na ƙarshe, ka sa a haɗa maka da na'urar jinkiri ta minti 3, saboda yara suna wasa da katin, zare-zura zare-zura, kuma kwamfuresar da aka kashe aka sake tayarwa nan take ba ta daɗewa.