Kafin ka sayi littafin Forgotten Realms, zaɓi shekarar da za ka yi wasa a cikinta

Wanda ya gama Baldur's Gate 3 a kwamfuta, ya ji yana sha'awar tara abokai a kan tebur ya ja musu wasan Dungeons & Dragons, abin da zai fara nema shi ne littafin da ya bayyana Forgotten Realms, ƙagaggiyar duniyar da labarin wasan ke gudana a cikinta. A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Za ka sayi littafi ɗaya ka karanta cewa Bane, abin bautar azzalumai a cikin labarin, ya mutu. Ka buɗe wani ka tarar da shi a raye yana mulki. Wannan ya ce ƙasar Unther tana nan, wancan ya ce ta ɓace, wasu mutane masu kan dodo sun zauna a gurbinta. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Kowane littafi yana magana ne a kan wani zamani daban, kuma bangonsa ba ya faɗa maka hakan.

Tushen matsalar yana da sauƙin ganewa. Ed Greenwood, ɗan ƙasar Kanada, shi ya ƙirƙiri wannan duniya tun yana yaro, kamfanin TSR ya saye ta ya fitar da ita a 1987, daga baya Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997. Sau da yawa in aka sauya dokokin wasan, sai a ƙirƙiro wata masifa a cikin labarin don ta bayyana dalilin sauyin. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na makasan haya. Da aka cire su daga jerin halayen da ɗan wasa zai iya ɗauka a bugu na biyu na dokokin wasan, sai labarin ya ce sun mutu a rikicin da ake kira Time of Troubles, a shekara ta 1358 ta kalandar duniyar, wadda ake yi wa alama da DR. Wato doka ce ke jan labari da igiya. Saboda haka lambar da za ka duba kafin farashi ita ce shekarar DR da littafin ya tsaya a kai.

Akwatin farko na 1987, wanda masoya ke kira akwati mai ruwan toka, ya tsaya a 1357 DR. Littattafai biyu ne da manyan taswirori. Babu cin karo a cikinsa domin babu wani akwati irinsa da ya riga shi. Ya bar wurare da gangan, har ƙasar Sembia aka ce an bar wa mai jan wasa ya cika ta da abin da ya ga dama, alkawarin da littattafan baya suka karya. Idan kana son fili ka gina naka, wannan ne. Amma 'yan wasanka ba za su tarar da Cyric ko Kelemvor a matsayin ababen bauta ba, domin a lokacin mutane ne kawai. Akwatin 1993 ya matsa zuwa 1367 DR, bayan mutuwar ababen bauta Bane da Bhaal da Myrkul, kuma shi ya fi kusa da wasan Baldur's Gate na farko na 1998, wanda ya faro a 1368 DR.

Wanda na fi so, kuma ba na ɓoyewa, shi ne Forgotten Realms Campaign Setting na 2001. Shafi 320 ne da ƙananan haruffa, an tsayar da shi a 1372 DR. Kowace ƙasa an ba ta yawan jama'a, abin da take sayarwa da abin da take saye, wanda ke mulki, da rigimar da ke tafasa a ƙarƙashin ƙasa. Mai jan wasa zai iya buɗe kowane shafi ya sami abin da zai ciyar da tebur na wata guda. Ban san wani littafi guda ɗaya da ya ɗauki nahiyar Faerûn, inda yawancin labarin ke gudana, gaba ɗayanta kamar yadda wannan ya ɗauka ba.

Sai dai shi ma yana da nasa tabon, kuma ya kamata mai saye ya sani. An sake zana taswira, an matse wasu yankuna, ta yadda nisan da ke tsakanin garuruwa bai yi daidai da na tsofaffin taswirori ba. In ka haɗa taswirar 1987 da bayanin 2001, ayarin fatake da ka ce zai yi kwana kaza a hanya zai iso a wani lokaci daban, kuma akwai ɗan wasan da zai lura. Bane ya dawo. Wasu shahararrun masu sihiri, kamar sarauniyar Aglarond da ake kira Simbul, an sauya irin sihirinsu zuwa wanda ake haifar mutum da shi, domin sabon bugu ya kawo wannan rukuni, sannan aka rubuta kamar dama can haka suke. Irin wannan gyara na shiru ya fi damuna a kan masifar da aka yi wa shela, domin ba ya barin alamar ɗinki.

Littafin 2008, Forgotten Realms Campaign Guide, shi ne inda igiya ta tsinke. An kashe Mystra, abar bauta mai riƙe da sihiri, a 1385 DR, annobar Spellplague ta barke, sannan aka yi tsalle zuwa 1479 DR. Shekara 107 ke nan tsakaninsa da littafin 2001. Kusan duk ɗan adam da ka sani a wancan littafi, mai masauki ne ko hakimi, ya tsufa ya mutu. Ƙasar Halruaa ta rushe, nahiyar Maztica ta ɓace, Tymanther, ƙasar masu kan dodo, ta sauka a kan Unther. Yana da dabaru masu kyau, ina kuma girmama masu son sa, amma ba zan ba sabon mai saye shawarar ya fara da shi ba, saboda bugu na biyar na dokokin wasan ya warware yawancin abin da ya ƙulla. A wani sabon rikici da aka kira Second Sundering, a shekarun 1480 DR, Mystra ta dawo, Bhaal ya dawo, ƙasashen da suka ɓace suka sake bayyana. Za ka haddace duniyar da ba ta yi daidai da ta gabanta ba, ba ta kuma yi daidai da ta bayanta ba.

Sword Coast Adventurer's Guide na 2015 shi ya bayyana yanayin bayan wannan warwara. Siriri ne, kusan rabin na 2001, kuma hankalinsa na kan gaɓar yamma: Waterdeep, Neverwinter, Baldur's Gate da arewa. Sauran ƙasashe 'yan sakin layi suka samu. Amfaninsa shi ne ya dace da zamanin Baldur's Gate 3, wanda ke gudana a 1492 DR. A ƙarshen 2025 an fitar da wasu biyu, Heroes of Faerûn domin 'yan wasa da Adventures in Faerûn domin mai jan wasa, bisa dokokin da aka sabunta a 2024. Wanda ke amfani da waɗannan dokoki, nan ya kamata ya fara dubawa, amma ya san littafi biyu zai biya.

Akwai kuma batun ƙagaggun labarai da wasannin kwamfuta, inda gardama ta fi zafi. A littattafan labarin da aka rubuta bisa tsofaffin wasannin Baldur's Gate, Jaheira, ɗaya daga cikin jaruman wasan, ta mutu. A Baldur's Gate 3 na 2023 ga ta nan da furfurarta tana jagorantar mayaƙa. Wanne ne gaskiya? A 2021 masu tsara wasan suka fito suka ce, a wajen bugu na biyar, abin da ya zama hujja shi ne littattafan wasa da aka fitar daga 2014 zuwa gaba. Ƙagaggun labarai da wasannin bidiyo kowanne na da nasa layin. Wannan ya ɓata wa tsofaffin masoya rai, kuma na fahimce su, domin mutum ya shafe shekara talatin yana tara sani aka ce masa ba dole ne a yi aiki da shi ba. Ga mai saye kuwa sauƙi ne: kada ka sayi ƙagaggen labari da niyyar ya raba gardama a teburinka.

In kana son abin da zai jera maka shekaru a tsare, The Grand History of the Realms na 2007 ne. Brian R. James ya fara haɗa shi a matsayin mai sha'awa kafin kamfani ya buga. Jerin shekaru ne zalla, ba dokoki, ba kasada, kuma ya tsaya a 1385 DR. Abokin littafin 2001 ne na ƙwarai. Ga mai wasa a 1490 kuwa, ya bar shi da giɓin shekara ɗari.

To me za ka saya? In 'yan wasanka daga Baldur's Gate 3 suka zo, suna tambayar jarumai irin su Jaheira da Minsc, ɗauki na 2015 ko na 2025 gwargwadon dokokin da ke hannunka, sannan ka ƙara na 2001 don cike ƙasashen nesa, kana tuna cewa garuruwa da al'adu sun fi sarakuna daɗewa: ɗauki kasuwa da titi, bar sunan mai mulki. In kuwa ba su da wani abin da suka saba da shi, ka tsayar da wasanka a 1372 DR da littafin 2001 kaɗai, ka yi amfani da dokokin da ka iya. Alƙaluman halittun ciki ne kawai za ka sake. Tsofaffin bugu na takarda suna da wuyar samu, kuɗin aiko su daga Amurka ko Ingila kan iya fin kuɗin littafin, amma ana sayar da yawancinsu a matsayin PDF a shafin Dungeon Masters Guild. Kowanne ka zaɓa, a zama na farko ka ɗora shi a tebur ka faɗa wa jama'a shekarar da ake ciki, ka ce in wani littafi ya saɓa wa wannan, a ɗauke shi a matsayin jita-jitar matafiya da aka ji a masauki.