Kafin ka zaro katin kuɗi a masana'antar ukulele

Ƙanshin katako ne ke fara kama mutum. Ka shiga masana'antar ukulele a Honolulu, babban birnin Hawai, da niyyar kallo kawai, a zagaya da kai inda ake yanka falankin koa, wani icen Hawai, a nuna maka yadda ake tanƙwara gefen ƙoƙon da zafi, daga bisani a miƙo maka wadda aka gama a ce ka kaɗa. Kaɗawa ɗaya za ka yi hannunka ya fara lalubar aljihu, ko da kuwa ba ka taɓa riƙe jita ba. Masu wurin ba sa matsa wa kowa, kayan ne ke yi musu talla.

Ga wanda bai san ta ba, ukulele ƙaramin abin kiɗa ce mai tsirkiya huɗu, kai ka ce jita ce ta haihu. Tushenta tsibirin Madera na ƙasar Fotugal. A 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke ma'aikatan gonar rake a Honolulu, cikinsu akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Su suka soma sassaƙa irin ƙananan jitocin garinsu da katakon Hawai, Sarki Kalakawa ya so abin ya shigar da shi fada, mutane suka raɗa masa suna ukulele, wanda aka fi fassarawa da “ƙuma mai tsalle”.

A yau gidaje huɗu ne suka yi suna a tsibirin Owahu, inda Honolulu take, kuma duk sunayensu da harafin K suka fara: Kamaka, KoAloha, Kanile'a da Ko'olau. Kamaka ce uwa. Samuel Kamaka ya kafa ta a 1916, har yanzu tana hannun zuri'arsa, kuma shi ya ƙirƙiro ukulele mai siffar abarba da ya yi wa rajista a 1928. Wani abu da nake so a tarihinsu: tun cikin shekarun 1950 suka riƙa ɗaukar kurame aiki, saboda da yatsa suke jin rawar katako in sun ƙwanƙwasa shi, ƙarar injin kuma ba ta damunsu. Amon Kamaka mai taushi ne, ba ta da hayaniya, irin wanda tsofaffin makaɗan Hawai suka saba da shi. In suna kake so da kayan da darajarsa ba ta saurin faɗuwa, nan ne. Sai dai kada ka ɗauka za ka tarar da kaya jibge kamar a kanti. Aikin hannu ne, da yawa daga abin da ka ga ana haɗawa dillalai sun riga sun yi odarsa.

KoAloha yarinya ce a kanta, Alvin Okami ya fara ta a 1995. Tun daga nesa ake gane ta: kan wuyanta kamar kambi mai tsini biyar, ramin sautinta kuma ba zagaye ba ne, ya ɗan yi kusurwa uku. Tana da ƙara, muryarta garau, ko an taɓa ta a hankali sai ta cika ɗaki. A nan ne jarabar ta fi ƙarfi, domin suna sayar da waɗanda suka sami ɗan tabo a wajen aiki, ƙarzuwa ko tabon katako, a farashi mai rangwame. Tabon ido ne kawai ke ganinsa, kunne bai san da shi ba. Wanda ya riga ya yanke shawarar sayen ta Hawai ta asali, a ganina wannan ne cinikin da ya fi kowanne ma'ana.

Kanile'a tana Kaneohe, a ɗaya gefen tsibirin, Joe da Kristen Souza suka kafa ta a 1998. Kayanta na da sheƙi kamar madubi, amonta na daɗewa kafin ya mutu, wuyanta kuma ya ɗan fi faɗi, abin da mai manyan yatsu zai ji daɗinsa. Suna dasa itatuwan koa a babban tsibirin Hawai don mayar da gurbin wanda ake sarewa. Ko'olau kuwa ta fi karkata ga aikin oda na masu hali, ba inda ɗan koyo zai fara ba ne.

To, nawa ne? Sabuwar ukulele daga kowanne cikin gidajen nan, in da katakon koa zalla aka yi ta a Hawai, ka shirya dala 1,000 zuwa sama, kuma in katakon mai zanen igiyar ruwa ne kuɗin kan ninka. A kan haka za a ɗora harajin ciniki na Owahu, kusan kashi 4.7 cikin ɗari. Koa ba ya fitowa a dajin ko'ina sai Hawai, shi ya sa yake tsada. Dangin bagaruwa ne da dakwara, amma shi dogo ne miƙaƙƙe da ake fitar da falanki daga jikinsa.

Abin da mai zagayawa da kai ba lallai ya tsaya a kai ba shi ne, gidajen nan suna da ƙannen kaya da ake haɗawa a Asiya bisa zanensu. KoAloha na da Opio da ake yi a Tailan, Ko'olau na da Pono daga Indonesiya, Kanile'a na da Islander. Opio da Pono katako ne zalla, sai dai ba koa ba, wani ɗan'uwansa ne ko kuma mahogani ko mangwaro, kuɗinsu kan tsaya wajen rabin na yayyensu. A rufe wa ɗan koyo ido a kaɗa masa Opio da KoAloha, da wuya ya ce ga wadda ta fi. Ƙasa da waɗannan sai irin su Kala, kamfanin Kalifoniya da aka kafa a 2005, wanda yawancin kayansa a Sin ake yi; da ƙasa da dala 100 za ka sami wadda za ta yi maka shekaru kana koyo.

Yanzu ga inda yawancin masu saye ke yin kuskure, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa a dakata. Tambayar farko ba wacce ta fi zaƙi ba ce, a ina za ta zauna? Katako zalla yana numfashi: ya sha danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Maƙera suna son a ajiye shi inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55. Honolulu tsakiyar teku take, iskarta kullum da laima. Ka ɗauko ukulele daga can ka kawo ta Kano ko Damagaram a tsakiyar hunturu, lokacin da danshi ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, leɓenka ma ya tsage balle falankin da kaurinsa bai wuce milimita biyu ba. Da farko za ka ji bakin ƙarafan da ke jere a wuyanta suna karce maka yatsa, saboda katakon ya tsuke su kuwa suna nan yadda suke. Sai fuskar ta lotsa. Wata safiya ka buɗe akwati ka tarar da tsaga daga jakin da ke riƙe tsirkiya zuwa ƙasa. Haka ma yake faruwa a gidajen Turai da Amurka da ake ɗumamawa lokacin sanyi. Yawancin garanti kuma ba ya ɗaukar ɓarnar bushewa, don haka ka karanta takardar kafin ka biya.

Akwai dabara: akwati mai tauri, a sa soso mai ɗan laima cikin gwangwanin sabulu da aka huda, da ƙaramin ma'aunin danshi, a riƙa dubawa duk bayan kwana biyu ko uku. Yana aiki, amma reno ne na wata huɗu ko biyar a kowace shekara, kuma tafiyar mako biyu ta isa ta rusa shi. Wanda ya san ba zai iya ba, ya nemi mai katako falle-falle da aka manna, wadda ba ta cika tsagewa ba, ko ta roba irin Kala Waterman, ko Enya Nova da ake yi da haɗin zaren kabon. Muryarsu ba ta kai ta koa ba, gaskiya ce, amma ba ruwansu da hunturu ko damina.

Girma ba ya buƙatar dogon bayani. Sofrano ita ce ƙarama, inci 21, mai muryar nan siririya da aka san ukulele da ita. Konsat inci 23, teno inci 26, kuma duka ukun ɗaurin tsirkiyarsu ɗaya ne. Baritun mai inci 30 ɗaurinta irin na tsirkiyoyi huɗu mafi siranta na jita ne, mai jita zai saba da ita nan take, sai dai darussan intanet mafi yawa ba don ita aka yi su ba. Babba mai matsakaicin hannu ya fara da konsat.

Ko wacce ka ɗauka, kada sheƙi ya ɗauke maka hankali. Ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi da ke tsakanin ƙarafan wuyanta ka saurara ko tana zuza. Ka kaɗa ta a sake, ka sake kaɗawa a gurbi na 12. Sauti ɗaya ya kamata ka ji, sai dai na biyun ya fi siriri, in ya kauce to aikin bai daidaita ba. Ka kuma ba wani ya kaɗa ka koma gefe, domin abin da mai riƙe da ita ke ji daban yake da abin da ke isa ga mai sauraro. In ka saya, ka shiga da ita cikin jirgi a hannunka. Tun 2015 dokar Amurka ta wajabta wa jiragenta karɓar ƙaramin abin kiɗa a ma'ajin saman kujera muddin akwai wuri lokacin da ka shiga, saboda haka kada ka zama na ƙarshe a layi.

Ni dai ga yadda zan yi. Zan zaga gidajen uku da ke Honolulu da Kaneohe, in kaɗa duk wadda aka miƙo mini har kunnena ya san yadda mai kyau take, in fita ban sayi komai ba ranar. In bayan kwana biyu har yanzu wata takamaimiya na yi mini yawo a ka, kuma gidan da zan kai ta yana da laima, zan koma KoAloha in tambayi masu tabo. In kuwa Katsina za ta, konsat mai falle-falle zan saya a shago, sauran kuɗin in biya malamin koyarwa.