Maitosis da Mayosis: Rabuwa Iri Biyu

Maitosis ce ke rufe rauni, ita ke sa jariri ya girma. Ƙwayar halittar jikin ɗan Adam takan kwafi kuromosom ɗinta 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado, ta jera su a tsakiya, sannan ta tsage gida biyu, kowace da 46 cif, kamar an tsaga kara. Idan wannan rabuwar ta ƙi tsayawa, ciwon daji ke nan.

Mayosis kuwa sai wajen yin maniyyi da ƙwan mace. Rabuwa sau biyu, ƙwayoyi huɗu, kowace da 23 kacal. A ganina ita ta fi ban mamaki: kafin a rabu, kuromosom ɗin da mutum ya gada daga uwa da waɗanda ya gada daga uba sukan yi musayar gutsattsari, wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan ciki ɗaya ke bambanta.